Tagogin da Auta Ya Yanka a Bonet ɗin Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da yara. Ya aiki, ya haƙuri da baƙunta? Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa nemanka albarka, ya raya mana zuri'a. Mu nan muna nan gwargwadon hali. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yawonta na tsakar gida tana gyara abin da ba wanda ya ɓata. Matar Auta ta yi nauyi sosai, kullum muna cikin sauraro. 'Yan biyuna kuwa sun yi tsawon da ba za ka gane su ba, sun kuma iya ƙiriniyar da ba ka san su da ita ba. Maigidana yana gaishe ka.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutu alhali ga waya a hannun kowa. Dalili shi ne duk ranar da ka kira, Baba ne ke fara karɓa, in ya miƙo mini kuma ba ya tashi, yana nan zaune yana kallon bakina. Na gwada fita waje in kira ka, ina jin muryarka sai na ɓige da tambayarka lafiyar yara. Don haka ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, don ni har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Magana ce ta motar Baba da makullinta, wadda kuka yi ta sa-in-sa a kanta kai da shi.

Ka tuna yadda abin ya faro. Baba zai fita sayo abu nan kusa, a yi ta jira shiru, sai can ya shigo ya ce motar ta yi masa zafi a hanya, ya tsaya ta huce. Da abin ya yawaita, kai daga can ka yanke hukunci a waya kamar yadda ka saba, ka ce a sayar da ita kowa ya huta, in yana son fita a riƙa kai shi. Kai ba ka ga fuskarsa ba ranar, ni na gani. Mutumin da da sitiyari ya ciyar da mu, ya tufatar da mu, ya kai ka makarantar da ta kai ka inda kake, ka ce masa ya zama fasinja. Ya ce muddin ƙafarsa tana kai totur ba mai raba shi da makullin nan, ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci. Shi ne Auta ya shiga tsakani, ya ce a ba shi dama. Aka tsaya a kan cewa in ya raba motar da zafi, makulli na Baba ne, ba mai sake tayar da zancen. In ya kasa, maganarka ta tabbata. Ni ma ina da ruwa da tsaki a ciki, domin Baba ne ke ɗauko mini 'yan biyu daga makaranta ranakun da nake aikin yamma.

Da farko bakaniken layinmu aka kai wa. Ya wanke lagireto, ya canja fanka, ya canja famfon ruwa da tiyo, ya bar ta a kunne cikin rana tsaka, ya hau ta ya yi sama ya yi ƙasa. Sannan ya zo yana sosa ƙeya ya ce shi dai, tsakaninsa da Allah, bai ga zafi ba, allura ko rabi ba ta kai. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce tun kafin a ɗinka masa wandon farko yake tuƙi, ba zai koya masa mene ne zafin inji ba. Muka kwashe da dariya, bawan Allah ya tattara kayan aikinsa ya tafi. Ka san gidanmu. In Baba ya ce inji ya yi tari, to ya yi tari, ko kana tsaye a wurin ba ka ji ba. Ko a mafarki ba wanda ya kawo cewa bakaniken ne mai gaskiya.

Daga nan Auta ya ɗauki abin da zafi. Ka san shi da kallon motocin tsere a waya har abinci ya huce a gabansa. Ya zaunar da mu ya yi mana bayani, wai fanka tana jawo iska ta cikin lagireto, iskar ta kwashi zafi, amma in ta shiga ƙarƙashin bonet ba ta da mafita, musamman a cunkoso inda mota ke rarrafe. Ya ce kamar ɗakin girki ne ba taga, shi ya sa bakanike ba ya gani, Baba da ke shiga cikin gari shi ke gani. Magani, in ji shi, a yanka wa bonet tagogi, zafi ya riƙa fita ta sama. Baba ya ce ko kusa, bonet ɗin da ko kaza bai taɓa bugewa ba, da fentinsa na kamfani, ba mai sa masa ƙarfe. Auta bai ja ba. Ya bi 'yan gwangwan rumfa rumfa har ya samo wani irinsa sak, ya ɗauro shi a bayan a-kori-kura, ya ce na Baba za a jingine shi ba abin da zai taɓa shi.

Kafin ya yanka komai sai da ya yi abin da ya sa Inna ta kusa cinye shi ɗanye. Ya shiga ɗakinta ya ɗauki zaren da take saƙa wa jaririnsa hula, ya yayyanka shi guntu guntu, ya manne a kan bonet da salatif tun daga hanci har gindin gilas. Ya sa ni tuƙi, shi kuma ya zuro rabin jikinsa ta taga yana ɗauka da waya, mutane suna nuna mu. Wai so yake ya ga inda iska ke danna ƙarfe da inda take ɗaga shi. Kusa da gilas zaren kwanciya ya yi ya manne, amma can gaba, bayan lagireto kaɗan, sai ya miƙe yana rawa. Auta ya yi ta ihu yana dukan rufin mota, ya ce nan ne wurin. Ya ce da ya yanka kusa da gilas, inda masu yi don ado ke yankawa, da iska cusa kai za ta yi ciki ta yi ta kokawa da fanka. Inna ta ce ita ba ruwanta da kokawar iska, ya biya ta zarenta, ɗansa ba zai zo duniya kai ba hula ba saboda bonet.

Na riƙa biyawa ta rumfarsa ta walda da fentin mota in na tashi daga aiki, don ni dai ban taɓa ganin Auta ya ba wani abu ransa haka ba. Ya kwantar da bonet ɗin a kan tsofaffin tayoyi, warin fenti da na walda ya cika wurin. Ya zana tagogin a kwali tukuna, ya ɗora ya fitar da alli, layi biyu, dama da hagu, yana kauce wa haƙarƙarin ƙarfen da ke ƙasa don kada bonet ya rasa ƙarfinsa ya riƙa kaɗawa a guje. Kowace kusurwa sai ya huda ta kafin ya yanka, wai don kada tsagar ta ci gaba da kanta daga baya. Sannan ya sa guntun katako da ƙaramar guduma ya riƙa ɗaga bakin kowace tsaga a hankali, suna fuskantar baya, kamar gilashin luba da aka buɗe rabi. Walda kuwa ɗigo ɗigo yake yi, ya ɗiga ya danna jiƙaƙƙen tsumma, don kada zafi ya murɗe ƙarfen. Ya goge da samfefa har yatsunsa suka sale. Ya sa raga ta ƙasa saboda ganye da ɓeraye. Ya ce saura ɗan indararo da zai tare ruwan sama kada ya zuba a kan filogi da wayoyi, amma wannan zai haɗa daga baya tunda ba ruwa yanzu. Fentin farko bai dace ba, don na motar ya koɗe, ya kankare ya sake. Masu motoci suna ta yi masa sintiri suna zagi, matarsa ta ce ita ta ga alama bonet ɗin ne zai riga ta sauka.

Baba yakan je ya zauna a kan benci ya zuba ido, ba ya cewa uffan, shi da ba a ɗaura ko noti a gabansa bai gyara wa mutum riƙon sifana ba. In ya yi magana, to cewa zai yi Auta ya bar wahalar da kansa, motar ta tsufa, a bar ta da halinta. Ranar da aka ɗaga bonet ɗin a rana haske ya ratso ta tsagogin, ya tambaya ko ba za a rage musu faɗi ba. Muka ɗauka tausayin ɗansa yake ji, ko tsoron ruwan sama.

Ranar da aka ɗaura, Auta har sabuwar allurar zafi ya ƙara a gefen sitiyari, don kada wani ya ce tsohuwar ce ke ƙarya. Suka fita gwaji shi da Baba, Auta a gefe bakinsa bai rufu ba, bi nan, juya can, mu shiga kasuwa inda cunkoso ya fi. Suka dawo allura tana ƙasa da inda ta saba zama. In ka sa hannu a kan tagogin sai ka ji hucin zafi yana bugo ka. Auta ya yi ta tsalle kamar ba shi ne ke shirin zama uba ba, ya tura maka hoton, kai ma ka ce ka janye maganarka. Inna ta yi ta sa albarka. Baba kaɗai ne bai yi dariya ba, ya ce madalla, ya shige ciki.

To, Yaya, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ba a jima ba da wannan, wata rana da la'asar Baba ya biyo ya ɗauke ni daga wurin aiki. Na gaji, na kwantar da kai a kujera ina duba waya, ban kula da hanya ba. Sai na ji kamar muna ta juyawa. Na ɗaga kai na ga muna shataletalen nan na kusa da gida, mai gidan mai a gefe, wanda ko makaho a gidanmu zai kai kansa ƙofa daga nan. Mun zagaya, mun sake zagayawa. Sai Baba ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya ce ta yi zafi. Na dubi tsohuwar allura, na dubi sabuwa, duk suna kwance abinsu. Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ya fita ya ɗaga bonet.

Ka san in aka ɗaga bonet, wanda ke cikin mota ba ya ganin wanda ke gaba, ƙarfe ya shiga tsakani. Amma wannan bonet ɗin yana da tagogi. Daga inda nake zaune, ta cikin tsagogin da ragar, na hango fuskar Baba. Yaya, ba injin yake kallo ba. Ko sau ɗaya bai sunkuya ba. Ya dafa ƙarfen da hannu biyu, yana bin titunan nan da ido ɗaya bayan ɗaya, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dawo kan na farko, leɓensa yana motsi. Gumi yana bin wuyansa. Na san Baba cikin fushi, na san shi cikin rashin lafiya, na gan shi ranar da aka yi masa rasuwar ƙaninsa, amma ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Tsoro ne irin na yaron da ya saki hannun uwarsa a kasuwa. Wayar ta suɓuce ta faɗi ƙarƙashin kujera, na kasa ko sunkuyawa in ɗauka. Baba bai san hanyar gida ba.

Ina nan zaune kamar an dasa ni, sai ga mai kai burodi shaguna ya tsaya da babur ɗinsa, wanda ke kawo wa shagon bakin layinmu. Ya gaishe da Baba ya ce yau ma ta taɓa halin nata ke nan. Na ga fuskar Baba ta washe nan take. Ya rufe bonet ya ce masa ta ɗan huce, ya shiga gaba a hankali shi zai biyo shi, ko za ta sake tsayawa. Mutumin ya ce ba komai Baba, kamar kullum. Wannan kamar kullum ɗin ita ta ƙarasa ni. Kai ɗan direba ne, ka sani, mai rakiyar motar da ba ta da lafiya baya yake bi, don in ta mutu ya gani. Ba a taɓa sa shi gaba ba. Haka muka taho, Baba ya ƙura wa akwatin burodin nan ido, ya riƙe sitiyari gam, har ƙofar gida. Muna tsayawa ya sauke numfashi ya ce mini gobe a gaya wa Auta har yanzu da saura. Na ce to. Ban san da wace murya na faɗa ba.

Washegari ban je aiki ba, na bi mutane ina tambaya da dabara. Mai burodi ya ce ai ya daɗe yana rako shi. Mai wankin mota ya ce ya taɓa samunsa can bayan tashar manyan motoci, bonet a sama, da ya tambaye shi me ya kai shi nan, ya ce ya fito ne inji ya sha iska. Mai gadin makarantar yara ya ce shi ma ya taɓa shiga gaba da kekensa. Kowa yana ba ni labari yana dariya, yana yabon kansa ya taimaki dattijo. Da na tambayi 'yan biyu, suka ce ai motar Kaka tana son hutawa, in ta tsaya yakan ce su yi shiru kada su fito, wani lokaci har barci suke yi. 'Ya'yana, Yaya, a bayan motar, a titunan da ban san su ba, da mutumin da bai san inda yake ba. Na shiga banɗaki na kulle na yi kuka mai isata.

Na sami Inna a ɗaki na gaya mata, ina jiran ta yi salati ta dafe ƙirji. Ba ta yi ba. Ta ajiye saƙarta, ta ce ita ta ga wasu abubuwa. Ya taɓa tsayawa tsakar gida da buta a hannu yana tambayarta ina aka mayar da banɗaki. Yakan fita sayen abu ya dawo da wani daban ya ce wancan ya ƙare. Ta ce ta yi ta gaya wa kanta gajiya ce, da kuma aka ce mota ce ke zafi sai ta kama wannan da hannu biyu, don ya fi mata sauƙin ɗauka. Ta ce in rufa wa mahaifina asiri. Na ce Inna, asirin da za a rufa a kan titi da yara a baya? Ta juya fuska bango. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

Auta ne ya fi ba ni tausayi. Na same shi a rumfa yana lanƙwasa indararon nan, yana fito. Da na gama faɗa masa sai ya zauna a kan taya, guduma a hannu, ya kasa rufe baki. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce wato duk wannan aikin, motar lafiyarta ƙalau? Na ce ƙalau. Sai ya ce ashe labule Baba ya samu yana fakewa a bayansa, shi kuma ya zo ya yayyanka masa shi da hannunsa, har yana tsalle. Ya ce shi da ya shiga maganar don Baba ya tsira da makullinsa, shi ne ya tona shi. Na ce ba tona shi ya yi ba, Allah ne ya sa aka gani tun ba a yi asarar rai ba. Bai ji ni ba. Ya tashi ya hau goge tsohon bonet ɗin da ke jingine, ya ce zai mayar masa da abinsa, ko ba komai in ya tsaya a hanya ya sami inda zai ɓoye fuskarsa. Na ce Auta, ka san ba zai yiwu ya ci gaba da tuƙi ba. Ya ce ya sani, amma shi dai ba zai iya kallon tagogin nan ba.

Washegari da hantsi ya kawo tsohon bonet ɗin gida, ya shimfiɗa bargo a kan mota ya fara kwance notina. Ina tsaye na riƙe masa gefe ɗaya. Sai ga Baba ya fito, ya tsaya ya dube mu, ya dubi tsohon bonet, ya tambaya me ake yi. Auta bai ɗago ba, ya ce sabon ne bai yi ba, da gyara, zai mayar da na da kafin nan. Baba ya matso ya shafa tagogin nan ɗaya bayan ɗaya da tafin hannunsa, a hankali, yadda yake shafa taya in yana neman ƙusa. Ya ce aikin nan ba shi da aibu ko ɗaya, shi a tsawon zamansa a kan titi bai ga hannu mai kyau irin wannan ba, a ɗaure notinan a bar shi inda yake. Sannan ya juyo gare ni ya ce, «Uwata, ta nan kika gan ni ko? Ni ma ta nan na ga idonki.»

Yaya, na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce tun ranar yake jira in yi magana ban yi ba, shi kuma ya rasa ta inda zai fara. Ya ce motar ba ta taɓa zafi ba, kuma a je a ba bakanike haƙuri, ya ci masa mutunci a banza. Ya ce abin yakan zo masa ne kamar an ɗauke wuta, yana cikin tafiya sai titin da ya sani tun yana saurayi ya zama baƙo, in ya jira wani lokaci ya dawo, wani lokaci sai an zo. Ya ce kowace safiya yakan ce yau zai faɗa, sai ya ga makullin a kan tebur ya fasa. Da ya zo kan maganar 'yan biyu muryarsa ta karye, ya ce wannan ita ce ba zai yafe wa kansa ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya daɗe yana juya shi, sannan ya kama hannuna ya sa mini, ya naɗe yatsuna a kai. Auta ya kifa kai a kan motar yana kuka kamar ƙaramin yaro, Baba yana bubbuga bayansa yana cewa ya isa, ya ɗaure notin kada bonet ya faɗo wa mutane a ƙafa.

Mun kai shi asibiti, da kansa ya ce a je. Likita ta yi masa tambayoyi, wasu ya amsa har da ba'a, wasu ya dube ni. Ta ce alamun ciwon mantuwa ne, da sauran gwaje-gwaje kafin ta tabbatar, akwai maganin da kan rage masa gudu amma kada mu sa rai da warkewa. Ta ce tuƙi kam ya ƙare, kuma kada a bar shi ya yi nisa shi kaɗai. Yawancin lokaci Baba ne dai da ka sani, yana gyara wa kowa zance, yana faɗa a kan an bar famfo yana ɗiga. Ni nake tuƙa shi yanzu, yana gefe, yana ce mini na cika taka kuloc. In muka zo shataletalen nan sai ya yi shiru, ni kuma in yi ta surutu har mu wuce.

Abin da nake roƙonka biyu ne. In ka kira, don Allah kada ka ce ai dama ka faɗa. Ka faɗa ɗin, amma ba wannan ka faɗa ba, ba kuma wanda ya hango shi a cikinmu. Ka kuma kira Auta daban ka yaba masa aikinsa, don har yau in ya zo gida ta bayan motar yake zagayawa. Na biyu, ka nemi hutu ka zo. Kada ka ce sai ƙarshen shekara, kada ka ce sai aiki ya lafa. Ba aike muke so ba, kai muke so.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce ina nan ina cigiyarta. Ka shafa mini kan yara, babbar da ƙaramin. Inna tana gaishe ku tana sa albarka, ta ce ka riƙa cin abinci. Auta da matarsa suna gaisuwa, haka Gwaggo da mutanen gidanta, haka 'yan biyu. Da zan rufe takardar na gaya wa Baba kai nake rubuta wa, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce in gaishe ka, in ce ka faɗi ranar da za ka sauka, zai zo tarbarka da kansa, ni zan tuƙa. Ya ce amma ka yi sauri, tun yana iya nuna ka a cikin mutane.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Uwar 'yan biyu